Na ba masu ajiyar kayan ɗalibai a Samaru amanar kayan 'yata

Shekara biyu muna fama da abu ɗaya a gidanmu. Duk ƙarshen zangon karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ɗalibai kan kwashe kayansu daga hostal, tunda sabon rabon ɗakuna ake yi idan an dawo. 'Yata tana Amina Hall, mu kuma muna Kano. Babanta zai bar kasuwa yini guda, a ɗaure katifa a saman mota, a cusa bakko uku da akwati da bokitai da ƙaramar tukunyar gas, a yi tafiyar kilomita kusan 150, bayan 'yan makonni kuma a maimaita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan zirga-zirga ta fara yi mana nauyi sosai.

Barin kayan a hannun ƙawaye kuwa na daina yarda da shi tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda aka fara a Fabrairu aka janye a Oktoba. 'Yar yayata ta bar nata da niyyar mako huɗu, sai bayan wata takwas ta koma ta tarar ɓeraye da gara sun gama da littattafanta.

Yarinyar ce ta kawo min labarin wasu matasa da suka kama shaguna a cikin Samaru, suna karɓar ajiyar kayan ɗalibai, suna kuma haɗa 'yan gari ɗaya a mota ɗaya. Na kira lambar. Wanda ya ɗauka ya yi min bayani a natse, ana biya ne bisa yawan kaya da yawan watanni. Da na lissafa ajiyar da kujerar mota, ba su kai kuɗin man da muke ƙonawa zuwa da dawowa ba. Na ce a gwada.

Ɗaukar kayan ta burge ni. Sun zo da a-kori-kura a ranar da suka ce, ko da yake sun makara da kusan awa ɗaya, kuma sun kira sun faɗa. Kowace jaka an manna mata lamba, an ɗauki hotonta, an turo min ta WhatsApp tare da rasit mai ɗauke da jerin kayan. Sun ƙi karɓar kayan abinci, suka ce garin kwaki da manja su ke jawo ɓera, tukunyar gas kuma sai da suka tabbatar babu komai a ciki. Wannan tsaurin ya kwantar min da hankali fiye da duk wani daɗin baki.

Tafiyar ma babu abin ƙorafi. Sharon ce, ɗalibai mata shida, kowacce da akwatinta na sutura. Direban dattijo ne. Da suka wuce Kwangila ya kira ni, ya ce, "Hajiya, mun kama hanya, in sha Allahu kafin la'asar tana gabanki." A Kwanar Dangora ya tsaya suka yi azahar, kuma har ƙofar gida ya sauke ta, bai yar da ita a Unguwa Uku ta nemi adaidaita sahu ba. Duk uwar da ta taɓa zaman jiran 'ya mace a kan hanyar nan ta san darajar wannan kira guda.

Matsalar ta fito ne ranar komawa. Hutun ya faɗo cikin damina, kuma ruwan Zariya ya fi na Kano, musamman a Agusta. Jakunkunan da aka jera a kan katako sun fito lafiya. Katifar ce aka jingina da bango, gindinta a kan siminti, babu ko leda. Gefe guda ya yi baƙi da hunhuna, warin kuma ya kama filo da labulen da aka ɗaure tare da ita. Yarinyar ta kira ni tana kuka, domin a daren ba ta da abin kwanciya, sai wata ƙawarta ce ta matsa mata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya san ya hana manja shiga shagonsa bai kamata a ce bai san bango na tsatsafo da ruwa a Agusta ba. Na kira shi na faɗa masa haka. Bai yi musu ba. Ya ce, "Hajiya, laifinmu ne, katakon ya ƙare mana da kaya suka yi yawa." Da na duba rasit ɗin sai na ga a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa ba su da alhakin lalacewar da danshi ya jawo, abin da ba wanda ya karanta min tun farko. Duk da haka ya mayar min da kuɗin ajiyar katifar, ya sa aka wanke ta aka shanya kwana uku. Warin bai fita ba, dole muka sayi sabuwa, kuma abin da ya mayar bai kai ko rubu'in kuɗinta ba.

Zan sake ba su a hutu mai zuwa, amma da sharaɗi. Katifa za mu naɗe ta da leda mai kauri da hannunmu, a ɗaure da igiya, kuma sai 'yata ta bi su shagon ta ga inda aka ɗora ta. Takardun makaranta da kwamfuta za su ci gaba da biyo ta gida. Na kuma gaya masa ina son hoton kayan daga cikin shagon a tsakiyar hutu, ya ce zai riƙa turowa duk ƙarshen wata.