Tayar hunturu a Kebek, da maganar odar da kake so

Yaya, barka da war haka. Ina fata Hajiya da yara duk suna lafiya. Na ga saƙonka kan tsofaffin tayoyin da kake so in tara maka a nan Kanada. Kafin a kai ga ciniki, bari ka ji yadda harkar taya take a birnin Montreyal na lardin Kebek, don ta shafi jarinka.

A lardin Kebek yawancin motoci da tayoyinsu kashi biyu, na zafi da na hunturu. Sa na hunturu doka ce tun 2008. Yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, duk ƙaramar motar da ke ɗauke da lambar lardin sai ta sa tayar hunturu a ƙafafunta huɗu, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300 ta hau kanka. A maƙwabciyarmu Ontariyo ba a tilasta ba, sai dai kamfanonin inshora suna yi wa mai ita rangwame.

Ba don ado ba ne. Da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum sai ta sandare, ta daina kama kwalta. Ka taka birki, mota ta ci gaba da sulalewa abinta. Ta hunturu robarta mai laushi ce, zanenta da zurfi, ga ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara. A gefenta za ka ga hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Riƙe wannan alamar, zan dawo kanta.

Wajen sakawa ne nake kewar mai facin bakin layinmu. A nan ba a tsayawa a ce "Malam, zo duba min." Ta intanet ake kama layi, kuma da Nuwamba ta kama sai a ba ka rana nan da makonni, don gari kaf lokaci ɗaya yake tunawa. Aikin kam babu ha'inci: inji ya ɗaga mota, a yi balans, a ɗaure noti da awo, a ce ka dawo bayan kamar kilomita 100 a ƙara dubawa. Amma kuɗin hannu da zafi, ba tayi ba ragi, ga harajin tarayya da na lardi a kan rasit. Masu dabara sukan sayi wili na ƙarfe daban, tayar hunturu ta zauna a kai dindindin, sauyi ya zama kwance noti kawai. Wanda ba shi da wurin ajiya kuma gareji ya adana masa, ya biya. Taya ma da kuɗin haya!

To ga inda ya shafe ka. Tsofaffin da ake zubarwa da araha idan hunturu ya wuce, da yawansu masu wancan dutsen ne. A ido sun fi kowace kyau, mai saye a Ƙofar Ruwa zai ga zane ya ɗauka ya yi tsintuwa. Amma laushin da ke ceton rai a nan, a kwaltar Kano zuwa Zariya cikin zafin Afrilu shi ne illa: tana cinyewa da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. Ba zan ɗora wa direban haya ita ba.

Ko waɗanda ke shagonka yanzu ka duba gefensu. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 a 2019 aka yi ta. Sannan ka tuna tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su Najeriya. In sababbi na zafi kake so, turo min girman da aka fi nema in tambayo farashi, mu ga ko da kuɗin jirgi za ta fitar da kai.