Eric Carle ko Beatrix Potter: wanne za a fara saya wa yaro?

Iyaye sun sha yi mini wannan tambayar. Carle da Potter marubutan littattafan yara ne, dukansu biyun su suka rubuta labaransu, suka kuma zana hotunan da hannunsu.

Carle, Ba'amurken da ya rasu a 2021, yakan shafa wa siraran takardu fenti, ya yayyanka, ya lilliƙa su zama hoto. A littafinsa na 1969, The Very Hungry Caterpillar, labarin wata tsutsa mai tsananin yunwa, har huda shafukan aka yi inda tsutsar ta ci, yaro ya zura ɗan yatsa yana ƙirga 'ya'yan itace, yana koyon ranakun mako. Turancin kaɗan ne, mai bangon kwali kuma yana jure cizo da yawu.

Potter 'yar Ingila ce, labarin zomonta Peter ya fito tun 1902. Zanenta na fentin ruwa ƙanana ne, sai an ƙura ido. Turancinta na da ne, dole babba ya riƙa fassarawa, kuma ba ta ɓoye wa yara cewa cinye uban zomon aka yi ba. Sai dai nata ana karanta su kyauta a intanet, na Carle kuwa sai aljihu ya motsa.

Ɗan shekara 2 zuwa 4, Carle ya fi dacewa da shi. Wanda ya fara zama a karanta masa dogon labari, a ba shi Potter.