Gyaɗa mai fumfuna: iyakar doka ko tsincewa?

Gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa tana lalata ƙwayoyin gado, tana jawo kansar hanta. Hanya ɗaya ta kare mutane daga gare ta ita ce iyakar doka: Tarayyar Turai ta tsaya kan maikirogiram 4 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kilon gyaɗar ci, Amurka 20. Lissafin hukuma ne kawai wannan, ba tabbacin tsira ba, domin irin wannan gubar ba ta da kaɗan.

Ɗayar kuwa, a rage iya iyawa. Mai ƙuli-ƙuli a Tawa ba ta da ɗakin gwaji, amma tana iya shanya gyaɗa ta bushe sarai, ta tsince ƙanjamammu da masu baƙi-baƙi. Suya ba ta kashe gubar gaba ɗaya. Ni dai wannan na zaɓa, musamman a gidan mai ciwon hanta nau'in B.