Kafin ka sayi sikelin masana'anta, duba inda zai zauna

"Tan nawa yake ɗauka?" Da wannan tambayar mai saye yakan fara, kuma nan ake yawan yin kuskure. Mutum sai ya zaɓi mafi girma don wai ya huta, alhali girman na cinye daidaito. Yawancin sikelin ciniki ana raba awonsu gida 3,000 ne. Mai ɗaukar kilo 3,000 yana tsallake kilo ɗaya-ɗaya, mai ɗaukar kilo 60 kuwa giram 20-20. Idan ƙananan kaya kake aunawa a kan babban, kullum akwai wanda ake cuta, ko kai ko abokin cinikinka. Ka lissafa mafi nauyin kayanka haɗe da mazubinsa, ka ƙara ɗan sarari a sama, shi ke nan.

Nau'o'in ba su da wuyar bambancewa. Na kan tebur don ƙananan kaya, na ƙasa mai faffadan faranti don ganguna da manyan akwatuna, na ratayawa don abin da ƙugiya za ta ɗaga. Na manyan motoci ne ke buƙatar dogon tunani. Wanda ake binnewa a rami yana daidai da ƙasa, ba ya cin fili, amma ramin matattarar ruwa da laka ne, sai da magudana mai kyau. Na saman ƙasa yana neman gangare gaba da baya, sai dai ka iya leƙa ƙarƙashinsa ka share. In fili ya samu, ni na biyun zan ɗauka.

Ran sikeli yana cikin ƙananan ƙarafan da ke ƙarƙashin farantin, waɗanda ake kira lodsel. Nauyi na ɗan tanƙwara su, su kuma su mayar da tanƙwarar zuwa siginar lantarki. Babban maƙiyinsu danshi ne, don haka ka karanta lambar IP, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariya daga ƙura da ruwa. IP65 na hana ƙura da feshin ruwa, IP67 na jure nutsewa har mita 1 na minti 30, IP69K kuwa na wurin da ake wanki da ruwan zafi mai ƙarfi ne. A busasshen sito ƙarfe mai fenti ya wadatar. Inda akwai jiƙa, nemi mara tsatsa mai lamba 304, inda akwai gishiri ko sinadarai kuma 316. (Ka tambayi lambar lodsel ɗin kansa, don wani sikelin farantinsa kawai ke ƙyalli.)

Na taɓa ganin sabon sikeli yana rage kilo 4 a kowane awo. Aka yi ta zargin kamfanin da ya ƙera shi, ashe wani guntun katako ne ya maƙale tsakanin faranti da firam. Share ƙarƙashi akai-akai, tabbatar ƙafafu huɗun duk sun taɓa ƙasa, kuma a hana ma'aikata jefa kaya, domin bugu ɗaya ya fi ajiye nauyi a hankali illa nesa ba kusa ba. Kada a yi walda a jikinsa lodsel na haɗe, wutar tana ƙona su. Wayoyin ma a sa su cikin bututu saboda ɓeraye.

Gwajin da kowa zai iya: ɗora nauyi guda da ka san awonsa a tsakiya, sannan a kowace kusurwa. Idan wata kusurwa ta saɓa wa sauran, kira mai saiti ya zo da duwatsun awonsa. Tun kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai sayarwa ko yana da irin wannan ma'aikacin, da kuma kayan gyara a hannu.