Ƙwan lantarki na LED mai wat 9

Wannan ƙwai yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi sosai da bazara. Tushensa aikin Shuji Nakamura ne, injiniyan kamfanin Nichia na Japan a lokacin, wanda ya samar da shuɗin haske mai ƙarfi daga sinadarin galiyam naitaraid a 1993. Rawayen shafen da ke kan 'yar ƙwayar da ke fitar da hasken a cikin ƙwan shi ke mayar da shuɗin hasken fari. Abin da ke damuna shi ne masu arha, waɗanda 'yar na'urar da ke gindinsu takan ƙone idan wuta ta zo da ƙarfi. Gara a sayi mai gindin alminiyam, domin ya fi fitar da zafi.