Gargaɗi kan masu karɓar kuɗi wai za su ƙara wa had-dis gudu

Salamu alaikum jama'ar Katsina, musamman masu kafe da masu shagon buga takardu da ɗalibai masu rubuta furojet, don Allah a kula. Akwai wasu masu gyaran kwamfuta da ke bin shaguna yanzu suna cewa a ba su kuɗi su "buɗe" wa had-dis gudu ya koma kamar SSD, wato ma'ajiyar nan marar faifai mai juyi da ta fi had-dis gudu. Wallahi yaudara ce.

Abin da suke yi bai wuce minti biyu ba, su shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke cikin kwamfuta, su buɗe Policies na had-dis ɗin, su danna akwati na biyu wanda ke hana Windows tilasta wa dis ɗin ya sauke abin da ya riƙe a ƙwaƙwalwar wucin gadi. E, kwafi zai ɗan yi sauri a gabanka, amma sai kwamfuta ta nuna maka ta gama sebin alhali aikin bai sauka kan faifan ba tukuna, ana ɗauke wuta ko janareta ya yi tari shi ke nan, fayil ya lalace, wani lokaci Windows ɗin ma ta ƙi tashi. Su kansu Microsoft sun rubuta a ƙarƙashin akwatin cewa kar a danna sai dis ɗin na da wata wutar ta daban, shi ya sa suka bar shi a kashe. To mu nan da wuta ba ta sallama in za ta tafi, kuma yawancin destof ɗinmu babu UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, laftof kuma batir ya mutu tuni?

Haka filasha da had-dis na waje, tun Windows 10 ta 1809 aka mai da su kan Quick removal, saitin da ke barin ka zare su ba sai ka yi ijet ba, su kuma sai su juya maka zuwa Better performance ba su gaya maka dole ka riƙa yin ijet kafin ka zare ba. Wasu har BIOS suke shiga, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, su juya yadda kwamfuta ke magana da dis daga IDE zuwa AHCI bayan an riga an ɗora Windows, sai shuɗin allo, Windows ta ƙi tashi.

Abin da ya fi ci min rai, in aikin ya ɓace wajensu za ka koma, su sake cajin ka kuɗin dawo da fayil.

Faifai mai juyi 5400 a minti ba ya zama SSD da danne-danne. In gudu kake so tara kuɗi ka sayi SSD na gaske, in kuma an riga an taɓa maka, kwafe aikinka wani waje yau ɗin nan ka je ka cire alamar akwatin.