Falmaran ɗin ɗaukar ruwa na masu gudu a kan dutse, bayan wata uku ina amfani da ita

A Sakkwato na tashi, saboda haka lokacin da aiki ya kawo ni birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, na ɗauka babu zafin da zai ba ni mamaki. Shekarar 2023 ce ta ƙaryata ni, domin an yi kwana 31 a jere, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, kullum ma'aunin zafi yana kai digiri 43 ko ya wuce, kuma akwai dararen da gari yake wayewa bai sauka ƙasa da 32 ba. Gudun da na saba yi bayan sallar asuba ya gagara, kuma hukumar birnin da kanta takan rufe hanyoyin hawa dutsen Camelback da rana a ranakun da aka yi gargaɗin matsanancin zafi.

Da shekara ta zagayo sai na bi sahun abokan gudu, na fara tafiya garin Flagstaff a ƙarshen mako. Tafiyar kusan kilomita 230 ce zuwa arewa, amma abin da ake nema shi ne tudu, domin Phoenix tana kan mita 330 ne daga bakin teku, Flagstaff kuwa tana kan mita 2,100, kuma iska takan yi sanyi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da mutum ya hau. Matsalar ita ce hanyoyin dutsen babu famfo, babu rafin da za a dogara da shi, duk abin da mutum zai sha sai ya ɗauko a jikinsa. Wannan ne ya sa na sayi falmaran ɗin da nake sharhi a kanta, kuma na yi fita goma sha ɗaya da ita tsakanin Yuni da Agusta.

Ƙirarta kamar ta falmaran ɗin da muka sani ce, sai dai an yi ta da yadi mai raga mai miƙewa. A ƙirji akwai aljihu biyu da ake zura gorori masu laushi, kowace rabin lita, a baya kuma akwai salkar roba mai cin lita 1.5 wadda siririyar mesa ke fitowa daga cikinta ta biyo kafaɗa. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda take zama a jiki. Jakar baya ta yau da kullum tana dukan mutum a duk takun da ya yi, wannan kuwa idan aka ja igiyoyin ƙirjin sai ta manne kamar goyon da aka ɗaure da majanyi. Na sauko gangara mai duwatsu a guje ɗauke da ruwa lita biyu da rabi, ban ji komai yana rawa a bayana ba. Sharaɗin dai shi ne a sayi wadda ta yi daidai da ƙirjin mutum, domin ta farko da na ɗauka ta yi mini yawa, sai da na mayar aka canza mini ƙarama.

Gororin gaba su ne suka fi yi mini amfani. A kan tudu iska busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin mutum ya ankara, kuma sanyi yana rage jin ƙishirwa, don haka mai gudu kan iya yin awa guda bai sha ba yana ganin lafiyarsa ƙalau. Da yake bakin gorar yana dab da haɓa, sunkuyawa kawai nake yi in kurɓa ba tare da na tsaya ba, kuma ina ganin abin da ya rage da idona.

Salkar baya kuwa ban ji daɗinta ba. Ruwanta ya yi makonni yana ɗanɗanon roba duk da wankin da na yi mata da lemun tsami, kuma da yake tana manne da baya, kafin awa biyu ruwan ya yi ɗumi. Salkar fata ta mutanenmu tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo iska tana busarwa, wannan kuwa zafin jiki take tarawa. Dabarar da na koma yi ita ce in cika ta rabi in sa a firiza da dare, in ƙarasa cikawa da safe. Sake zuba mata ruwa ma wahala ce, domin sai an tuɓe falmaran ɗin an fitar da kayan da ke ciki. Haka kuma ɗinkin wuyan ya goge mini fata har ya yi ciwo a ranar da na sa riga marar kwala.

Ranar da na san darajar kuɗina ita ce wata Asabar a ƙarshen Yuli, lokacin da na nufi ƙololuwar dutsen Humphreys da ke kusa da Flagstaff, wadda ita ce mafi tsayi a Arizona, kimanin mita 3,850. Na bar wajen ajiye motoci na Snowbowl, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara inda hanyar hawan take farawa, da ƙarfe shida na safe, na bi ta cikin dajin da hanyarsa ke cike da saiwoyi, kuma ban ɓoye ba, yawancin hawan tafiya na yi da sauri, domin numfashi ba ya isa a yi gudu. A watannin Yuli da Agusta yankin yana cikin daminarsa, hadari yakan taso da tsakar rana, kuma sama da inda itatuwa suka ƙare babu wurin fakewa daga tsawa. Na kai kwarin da ke tsakanin ƙololuwa biyu, wajen mita 3,600, na ci gaba a kan baƙaƙen duwatsun tsohon aman wuta, sai na ga gajimare ya taru ya yi baƙi daga kudu tun kafin lokacin da na yi tsammani. Na juya ban kai ƙarshe ba. Ban shiga cikin itatuwa sosai ba aka fara zuba ƙanƙara ƙanana kamar ƙwayar masara, ni kuwa ina sanye da 'yar riga da gajeren wando, mutumin da ya gudo wa zafi.

A ƙasan bayan falmaran ɗin akwai wani aljihu mai baki biyu da hannu ke iya kaiwa daga dama ko hagu, a nan na cusa rigar ruwa marar nauyi. Na zaro ta na ɗora a kan falmaran ɗin ban tsaya ba, na ci dabino uku daga aljihun gefe, wayata kuma tana cikin aljihu mai zif, ko da yake ta ɗan jiƙe, domin yadin ba ya hana ruwa shiga. A nan ma na gano wani aibi, wato ƙananan ƙugiyoyin ƙirjin, waɗanda suke da sauƙin ɗaurawa a gida, amma da yatsuna suka sandare sai da na yi ta fama kafin na iya matse su.

Kuɗinta ya haura dala 100, kuma ga wanda gudunsa bai wuce awa guda a cikin gari ba, gora ɗaya a hannu ta wadatar. Wanda zai yi awa uku zuwa biyar a dutsen da babu ruwa, shi ne zai ci moriyarta. Bayan wata uku ana wanke ta da hannu, ɗinki ɗaya bai kwance ba, sai dai robar aljihun gorar hagu ta ɗan saki. Salkar bayan na cire ta na ajiye, na sayi gora ta uku da nake sawa a madadinta, rigar ruwan kuma tun daga waccan Asabar ban sake fitar da ita daga aljihunta ba sai don shanya.